Na Warke Daga Ciwon Daji Tun Ina Yarinya, Amma Ban Rabu Da Asibiti Ba

Ina 'yar shekara 13 aka gano ina da ciwon daji na Hodgkin, wanda ke kama kaluluwa. An yi mini allurar kemo, aka bi da gasa mini ƙirji da na'urar haske mai kashe ƙwayoyin daji, har likitoci suka ce babu sauran alamarsa. A gida aka yi hamdala, aka rufe maganar. Babu wanda ya gaya mana cewa maganin da ya ceci raina yana iya barin baya da ƙura, kuma ƙurar ba ta tashi sai an girma.

Sai da na samu juna biyu wata likita ta tambaye ni: "Malama, wane magani aka ba ki, kuma yaya yawansa?" Na rasa amsa. Umma ce ta tuna wani jan ruwa da ake ɗura mini ta jijiya, wanda ke rina fitsarina. Likitar ta ajiye biro. Ta ce doxorubicin ke nan, yana iya raunana tsokar zuciya a hankali mutum bai ji komai ba, ga shi ciki yana ƙara wa zuciya aiki. A ranar ta tura ni hoton zuciya.

Neman tsohon fayil ɗina ya ba ni wahala, amma na nace. Yanzu ina da takarda ɗaya mai ɗauke da sunan ciwon, sunayen magungunan da adadinsu, da wurin da aka gasa. Duk likitan da zan gani, ita nake fara miƙa masa, domin likitocin manya da yawa ba su saba da irinmu ba.

Daga takardar aka tsara mini komai. Gasa ƙirji da aka yi yana ƙara haɗarin kansar mama, don haka ake fara mana hoton mama duk shekara tun daga shekara 25, ko bayan shekara 8 da gashin, duk wanda ya zo daga baya. Ana duba tayirod ɗina, wato wata halitta da ke gaban wuya, da hawan jini. Wadda aka ba wani maganin kemo mai suna cisplatin kuwa, ji da ƙoda za a fi sa wa ido.

Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna kusan biyu cikin uku na waɗanda suka warke daga ciwon daji suna yara suna fama da wata lalura mai daɗewa. Abin ya sosa mini rai, don na san da yawanmu an sallame su hannu rabbana, ko takarda babu.

Daren kowane gwaji ba na barci sosai, har yau. Na daina ɓoye wannan, na gaya wa likitata, ta haɗa ni da mai ba da shawara. Na kuma ɗauki hoton takardar a waya, na ba mijina kwafi, ko da za a kai ni asibiti ba na iya magana.