Na wuni da tarihin Jim Thorpe

Asabar, bayan isha'i.

Yau ban fita ko'ina ba sai masallaci. Tun hantsi nake karanta tarihin Jim Thorpe, don ina so in ba yaran da nake koya wa tsere labarinsa, kuma abin da aka yi wa bawan Allahn nan ya tsaya mini a rai.

Ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, cikin 'yan asalin Amurka, haifaffen Oklahoma. A makarantar Carlisle ta jihar Pennsylvania baiwarsa ta fito fili. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm ya ci zinare biyu, na haɗakar wasanni biyar da na wasanni goma: gudu, tsalle, jifan mashi, jifan faifai, duk shi kaɗai. Akwai hotonsa sanye da takalma kowanne da irinsa. A lokacin ma da yawa cikin 'yan asalin ƙasar ba su da matsayin ɗan ƙasa, sai a 1924 doka ta ba su.

Shekara na zagayowa aka ƙwace lambobin. Wai ya taɓa buga ƙwallon besbol a North Carolina a 1909 da 1910 ana biyansa 'yan daloli, alhali a lokacin Olamfik ta waɗanda ba sa karɓar kuɗi ce. Ɗalibai da yawa sun yi haka da sunan bogi, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya buga. Ni dai a ganina dokar ta 'ya'yan masu hali ce, don ɗan talaka ba ya gudu da cikin yunwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙa'idar gasar ta ce a kai ƙorafi cikin kwana 30, wannan magana kuwa sai bayan kusan wata shida ta taso.

Bai zauna ba. Ya buga besbol a New York Giants, ya buga ƙwallon Amurka a Canton Bulldogs, a 1920 ya zama shugaban farko na hukumar da ta koma NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Har ƙwallon kwando ya taɓa. Da ƙarfi ya ja baya sai ga shi yana haƙa rami, yana gadi, yana fitowa a finafinan Hollywood cikin 'yan cike gurbi. Ya rasu a Kalifoniya a 1953 ba shi da komai.

Sai a 1983 aka miƙa wa 'ya'yansa madadin lambobin, shi ma a matsayin wanda ya raba nasara da wasu. Ba a mayar masa da ita shi kaɗai ba sai a Yulin 2022.