Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ruwan Bayan Kaltungo

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda aka haɗa mu mu huɗu, ɗaliban digiri na biyu, aka ce mu zaɓi matsalar ruwa guda ɗaya a jihar Gombe mu nemo mata mafita don shiga gasar ƙirƙire-ƙirƙire. To, zaɓin ma sai da ya kusa raba kanmu.

Ni cikin gari na so mu tsaya. A Bolari na tashi, na san ƙarar kurar 'yan ga-ruwa tun asuba, na san yadda ake aika yaro maƙwabta da albishir ranar da famfo ya kawo ruwa, wanda ake turo shi tun daga madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Babban cikinmu, wanda muke kira Injiniya, ɗan Dukku ne, ya ce mu 'yan birni ba mu ga komai ba. Ƙasarsu yashi ce mai kauri, wadda masana ke kira shimfiɗar Kerri-Kerri, ruwan sama na sauka ya yi ta nitsewa, a yi ta haƙa har kuɗi su ƙare ba a tarar da shi ba. Da zarar tafki ya ƙafe, sai tanka. Na ukunmu ɗan Kumo ne mai karatun tattalin arziki, Ustaz muke ce masa, shi ko me aka kawo sai ya tambayi nawa zai ci.

Ta huɗun 'yar Kaltungo ce mai karatun sinadarai, ba ta da yawan magana, kuma in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. Ran nan ana cikin gardama ta ajiye biro, ta ɗage leɓenta na sama da yatsa ta ce, "Yaya Injiniya, dubi nan. Tun da nake ban taɓa cin goro ba." Haƙoranta na gaba da ratsi-ratsin ruwan ƙasa, wasu wuraren da ɗigon fari fat. Ta ce a ajinsu na firamare, wanda haƙoransa suke fari ne baƙo. Nan gardama ta mutu.

Da safe muka ɗauki hanyar Kumo, muka wuce Billiri. Mutanen Gombe in an ce Kaltungo, kububuwa da asibitin sarar maciji ne ke faɗo musu a rai, har Dada sai da ta sa na saka takalmi sau-ciki kafin ta bar ni na fita. Ƙauyen da muka sauka yana gindin duwatsu, kuma a duwatsun nan matsalar take. Akwai sinadarin fulorayid a jikinsu, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana daɗewa kwance a tsaginsu yana narkar da shi a hankali. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, kuma mu da ke ƙasar zafi mun fi wasu shan ruwa, don haka abin da ke shiga jikinmu ya fi yawa. Yaron da ya sha mai yawa kafin ya kai kimanin shekara 8, lokacin da haƙoran girma ke haɗuwa a cikin dasashi, tabon ya zauna ke nan. In ya yi yawa sosai aka daɗe ana sha, har ƙashi yake kamawa, gaɓoɓi su sandare.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan rijiyar burtsatsen garin garai-garai yake, ba wari, ba ɗanɗano. Da a Bolari aka kawo min shi, da gudu zan cika randa.

Kakar ƙawar tawa ta karɓe mu a tsakar gida, ta shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin bishiyar maina. Randa uku na gani jere a jikin katanga, kowacce da moɗarta. Na durƙusa na ce, "Mama, me ya sa ba a haɗa su?" Ta ce, "'Yata, wannan na burtsatse ne, na wanki da wanka. Wannan na rafi ne, in ya kwanta muna girki da shi. Ƙaramar nan ta sama ce, daga indararo muke tara, ta jikoki ce." Ta ce ita ba ta san sunan wani sinadari ba, amma ta lura yaran da suka tashi a gidajen gona suna shan ruwan rafi haƙoransu ba su kai na yaran cikin gari lalacewa ba. Matsalar kawai, randar sama ba ta kai watan sanyi. Damina na ɗaukewa a Oktoba kowa ya koma burtsatse, har wajen Mayu.

Muka ɗebi samfuri daga kowace randa a kwalaben roba, muka rubuta musu lamba, muka jera a kula. A ɗakin gwaje-gwaje sakamakon ya bi bayan maganar tsohuwa: na burtsatse ya haura iyaka, na sama kusan babu komai, na rafi kuwa fulorayid ɗinsa kaɗan ne amma cike yake da ƙwayoyin cuta. Ni a ganina ranar ce aikinmu ya fara, domin takardar tambayoyin da muka buga muka tafi da ita ko layi ɗaya ba ta da shi a kan randa.

Sai neman mafita. Na ce a riƙa tafasawa, ƙawata ta girgiza kai: tafasa na kashe ƙwayar cuta, amma ruwa ne ke tashi ya bar fulorayid, sai ma ya ƙara yawa a abin da ya rage. Injiniya ya kawo dabarar Nalgonda ta ƙasar Indiya, inda ake zuba alimun da farar ƙasa a motsa a bari ya kwanta. Ustaz ya ce wa zai riƙa auna wa tsohuwa alimun kowace safiya, kuma ina za a zubar da laka? Babban tankin tara ruwan sama kuwa, da ya lissafa kuɗin siminti da rodi sai ya rufe littafinsa bai ce komai ba.

Ƙawata ce ta kawo maganar gawayin ƙashi. A Kenya da Tanzaniya da Habasha, inda suke da wannan matsala, ana ƙona ƙashin dabbobi a rufe ba iska sosai har ya zama gawayi, a daddaka, a cika bokiti, ruwa ya bi ta ciki ƙashin ya riƙe fulorayid. Ƙashi kuwa ga shi tuli a kwata, kusan kyauta. Har mun fara zana bokiti biyu, ɗaya a kan ɗaya da famfo a ƙasa, sai Ustaz ya gyara zama.

"Ƙashin wace dabba? Yankakkiya ko mushe? Kuma ruwan da ya bi ta cikinsa, ana alwala da shi?"

Ƙawata ta ce ko a cocinsu ma sai an tambayi inda ƙashin ya fito. Babu mai amsa a cikinmu. Da daddare na ba Dada labari, ta ce kada mu ƙona ko ƙashi ɗaya sai mun ga Baffa, ƙanin mahaifina, wanda yake karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa bayan sallar la'asar. Ta ce in tafi da bokitin.

Yadda muka yi da Baffa, da abin da mahautan suka ce da muka je sayen ƙashi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.