Abin da haɗa ƙaramar kwamfuta da hannuna ya koya mini

Duk wanda ya yi niyyar haɗa ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka don koyon rubuta manhaja, tambayarsa ta farko ita ce wane allon ƙwaƙwalwa zai saya, wato allon da ke ɗauke da sassan da ke tafiyar da kwamfutar. A aikin kammala karatuna na gane cewa nan ne ya fi sauƙi. Tun 2012, da gidauniyar Raspberry Pi ta Kambirij a Ingila ta fitar da allonta a kan dala 35, wannan ɓangare ya daina ba da wahala. Ka ɗora Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, a katin memori, ka kunna, sai ga Python, harshen rubuta manhaja, da Thonny, manhajar da ake rubuta shi a ciki, suna jiranka. Aikin gaske yana wajen wuta.

Raspberry Pi 4 yana son wuta mai ƙarfin bolt 5 da yawan amfiya 3. Batirin 18650 kuwa, irin wanda masu gyara suke cirowa daga tsofaffin batiran laftof, bolt 3.7 yake bayarwa, idan ya cika ya kai 4.2. Dole ke nan a sa ɗan allon da zai ɗaga wutar zuwa 5, da wani da zai tsare batirin kada caji ya wuce kima, don irin wannan batiri ba ya son wasa: yana yin zafi, ya kumbura, har ya kama da wuta. Siririn kebul ma kaɗai ya isa ya zubar da wutar, sai ka ga gargaɗi a kusurwar sikirin, injin ya rage gudu. Abin da ya fi ciwo shi ne wuta ta yanke ana tsaka da rubutu a katin memori. Katin yana iya lalacewa, aikin ɗalibi ya tafi gaba ɗaya. Saboda haka na liƙa ɗan guntun INA219 mai auna wuta, na rubuta 'yan layukan Python da ke duba batirin a kai a kai, su kashe injin cikin tsari kafin ya mutu da kansa. Ranar da na zauna da mita a hannu ina kallon lambar tana sauka, sai injin ya rufe kansa daidai inda na ce masa, na fahimci shirin kwamfuta fiye da yadda darasin aji ya taɓa fahimtar da ni.

Bayan wuta, sikirin shi ne matsala ta biyu, kuma sau da yawa ya fi allon kansa shan wuta. A nan na ƙara girmama mutanen shirin One Laptop per Child na ba kowane yaro laftof, wanda Nicholas Negroponte ya sanar a 2005. Ana yawan tuna cewa kwamfutarsu ta XO ba ta tsaya a dala 100 da aka yi alkawari ba, ta doshi 200. Amma sikirin da Mary Lou Jepsen ta tsara mata ana iya karanta shi a tsakiyar rana, kuma yana cin wuta kaɗan. An gwada ta a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007. Wanda ya taɓa ƙoƙarin karatu a ƙarƙashin bishiya da sikirin mai ƙyalli ya san darajar wannan tunani.

Sai maganar buɗaɗɗen tushe, wato barin kowa ya karanta yadda aka rubuta manhaja ya kuma gyara ta, wadda na ga tana da hawa-hawa. Linux a buɗe yake, amma manhajar da ke tayar da allon Raspberry Pi a rufe take, ba ka iya karanta ta. Akwai waɗanda suka yi nisa fiye da haka: masu ƙera laftof ɗin MNT Reform a Balin ta Jamus, da kamfanin Olimex a Bulgeriya mai laftof ɗin TERES-I, sun wallafa zanen allunansu don kowa ya duba, ya gyara, ko ya ƙera nasa. A ganina ɗalibi ya cancanci a gaya masa gaskiyar inda ƙofa take buɗe da inda take rufe.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne kibod. Ina son mai koyo ya iya rubuta ɓ, ɗ da ƙ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba. Da na duba, ashe a cikin Linux akwai fayil mai suna ng a jakar tsare-tsaren kibod, kuma tuni wasu bayin Allah sun saka tsarin Hausa a ciki, kusa da na Yarbanci da Ibo. Rubutu ne kawai da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Na matsar da haruffan zuwa inda yatsa ya fi saurin kaiwa, na sake kunna injin, na ba ƙanwata. Ta rubuta shirinta na farko, wanda yake tambayar sunanka sannan ya amsa da “Barka da ƙoƙari”, ƙ ɗin nan da ƙugiyarsa.