Kuɗin TETFund da Tsohuwar Golf Ɗina

Ranar Talatar da ta wuce ina ɗakin malamai ina makin takardun 'yan aji biyu, sai wani matashin malami na sashenmu ya jawo kujera ya miƙo min waya. "Malam, don Allah duba min wannan Corolla. 'Yar Kwatano ce, ba ta sha hanyar Najeriya ba." Na ce, "Ɗana, gado ka ci?" Ya yi dariya, ya ce a'a, sunansa ne ya shiga cikin waɗanda kwaleji ta tura Abuja don tallafin digiri na uku na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Ko takardar amincewa ba ta iso ba, amma har ya zaɓi launin mota.

Raina ya ɓaci, kuma ba da shi nake ba. Kaina na gani a shekarar 2012.

Yawancinku matasan malamai ba ku damu da sanin inda kuɗin nan ke fitowa ba, alat kawai kuke jira. Haraji ne da ake cirewa daga ribar kamfanoni. An kafa shi da dokar 1993 bayan gwagwarmayar malaman jami'a, kuma a da har firamare da sakandare suna ci. Dokar 2011 ce ta mayar da shi TETFund, ta keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, na tarayya da na jihohi. Kashi 2 cikin ɗari ne a lokacinmu, ya koma 2.5 a 2021, sannan 3 a 2023. Jami'o'i ke ɗaukar rabi, kwalejojin kimiyya da fasaha kwata, mu 'yan kwalejin ilimi kwata. Ba a biyan albashi da shi. Abin da ya zo wa kwaleji a shekara, kowane da gurbinsa: gini, laburare, bincike, halartar taron ƙara wa juna sani, zagayen duba ɗalibai masu koyarwar gwaji, sai horar da malamai. Ba a ɗebo na wannan a zuba a wancan. Ko gini ne, kashi 50 ake fara saki, sai an ga aiki da takardu a saki 35, sannan 15 na ƙarshe. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci halin asusun gaba ɗaya: ba ya ba da na biyu sai ka yi bayanin na farko. Ni na san haka sarai, har a kwamiti na zauna. Sanin bai hana ni ba.

Hanyar samun tallafin ba ɓoyayya ba ce. Sai ka zama cikakken malamin da aka tabbatar wa aiki. Sai ka samo gurbin karatu na cikakken lokaci, a kwas ɗin da hukumar jami'o'i ta amince da shi. Shugaban sashe ya sa hannu, shugaban tsangaya ya sa, shugaban kwaleji ya sa, jami'in da ke riƙe da teburin TETFund ya haɗa ya tura. In an amince, kuɗin a asusun kwaleji suke shiga, ba a naka ba. Kafin bursa ya sakar maka ko kwabo, sai ka sa hannu a takardar alƙawarin dawowa aiki. Tawa ta ce shekara biyu a kan kowace shekara ɗaya ta karatu, in na saɓa in biya duk abin da aka kashe. Na kawo masu tsaya min mutum biyu, abokan aiki, suka sa hannu a tsaye ba tare da sun karanta ba. Ni ma ban karanta ba.

Shekara uku aka lissafa min, kuɗin kuma kashi uku, ɗaya duk shekara. Da na farko ya shigo, ban taɓa ganin kuɗi masu yawansa a asusuna lokaci guda ba. Na biya rajista, na sayi kwamfuta, sauran fiye da rabi na zuba a wata tsohuwar Golf. Ina da hujja, kuma har yau ban ce hujjar banza ba ce: tafiyar awa huɗu ce tsakanin gidana da jami'ar, ga iyali, ga motar haya da ke sauke ka bayan an tashi daga darasi. Abin da ban lissafa ba shi ne mota ma ciki gare ta. Wata huɗu ta nemi gyaran giya, wata shida ta nemi tayoyi. Kuɗin da ya kamata in ajiye don fita tattara bayanai a makarantun ƙauye, su bakanike ya cinye a hankali.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma shi ne ba ku sani ba. Da na shiga, na ga malamin da zai duba aikina yana da ɗalibai cunkus, sai na koma wani sashe na kusa da shi. A ganina duk ilimi ne, jami'a ɗaya, tsangaya ɗaya. Ban rubuta wa kwaleji ba, balle ta nemi izinin asusun. Ƙa'ida kuwa a fili take: ba ka sauya kwas ko jami'a sai da amincewa a rubuce. Ranar da na kai rahoton ci gaban karatu don karɓar kashi na biyu, jami'in tebur ya ɗora takardata kusa da takardar amincewa, ya sa biro ya ja layi a ƙarƙashin sunan kwas nan da can, ya turo min. Bai ce komai ba. Kusan shekara na yi ina rubuta wasiƙun neman afuwa kafin a daidaita.

Ana cikin haka malaman jami'a suka tafi yajin aiki a watan Yulin 2013, ba su dawo ba sai Disamba. Wannan kam ba laifina ba ne, kuma na daɗe ina fakewa da shi. Amma in za a faɗi gaskiya, abokin tafiyata da muka fara rana ɗaya ya yi amfani da watannin nan ya rubuta babi biyu a gida. Ni kuwa na koma kwaleji ina karɓar darussan 'yan karatun hutu don in samu na mai. Ya gama a shekara huɗu. Ni sai da na yi shida.

Ga abin da shekara ta huɗu ke nufi. Tallafi ya ƙare, ba a ƙara ko sisi don ka makara. Hutun karatu ya ƙare, rajistara ya rubuto ka dawo aji. Jami'a kuwa kowace shekara sai ka sabunta rajista daga aljihunka. Kuma tsadar digiri na uku a ƙarshe take: buga tambayoyi da biyan masu taya ka rabawa, mai lissafa maka bayanai, kuɗin buga maƙala a mujallar ilimi, kwafi-kwafin kundi duk lokacin da za ka kare shi, gyara, sake bugawa, ɗauri. Duk wannan ya faɗo min daidai lokacin da naira ta karye a 2016. Na ci bashin ƙungiyar adashen ma'aikata sau biyu. Na sayar da Golf ɗin ƙasa da rabin kuɗinta. Ƙarin girma ya wuce ni, waɗanda na koyar suka zo suka tarar da ni a mataki ɗaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da ɗaya daga cikin masu tsaya min ya tare ni a bakin masallaci, cikin jin nauyi, ya ce, "Malam, karatun nan dai za a gama ko? Na ji an ce albashinmu za a taɓa."

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma. Da na tace, ba su kai ba.

Kada ka taɓa kashin farko sai don rajista, littattafai da abin aiki. Buɗe masa asusu daban, wanda ba ya cikin wayarka, domin ku 'yan yanzu yatsa ɗaya ya isa ya kwashe kuɗin shekara cikin dare guda, ko a kirifto ko a wani kasuwancin da aboki ya ce yana ninkawa. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara ka ɓoye wa shekarar ƙarshe. Na san na ce kada a taɓa, amma in yaro ya kwanta asibiti za ka taɓa, ni ma zan taɓa. Mota dai ba asibiti ba ce.

Komai a rubuce. Sauya kwas, sauya jami'a, dakatar da karatu, neman ƙarin lokaci: rubuta ta hannun shugaban sashe, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka jira amsa. "Oga ya ce ba komai" ba takarda ba ce, oga yana ritaya. Rasit ɗin rajista da rahoton da mai duba aikinka ya sa wa hannu, ka kai su tun kafin a tambaya, ka ajiye kwafi biyu.

Karanta takardar alƙawarin kafin ka sa hannu, ka kuma karanta wa masu tsaya maka. Masu gudu sun riga sun jawo muku: tsada da ƙin dawowar wasu ne suka sa asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025. In zuciyarka na wani wuri, in kana shirin barin koyarwa da zarar ka samu takarda, to kada ka karɓa.

Amma kuma ka karɓa. Tun da dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da takardar shaidar malanta ta NCE, malamin da ba shi da digiri na uku zai ga ana wuce shi yana tsaye, kuma albashinka ba zai biya maka ba. Wanda ya ƙi nema don tsoron takardu ya fi ni wauta.

Duk wannan na zayyana wa yaron nan, har shayina ya huce. Ya saurara, ko dai ya yi kamar yana saurare, don rabin lokacin idonsa na kan waya. Da na gama ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, Malam, Allah ya saka da alheri." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

"To Malam, babur fa?"