Maki Biyu da Suka Raba Wata Ƙungiya da Haƙƙinta a Gasar Softbol ta Dattawa

Na haura shekara 55 a duniya kafin na fara riƙe sandar softbol, bayan na yi kusan shekara talatin ina zaune a wani gari a jihar Ohayo ta Amurka, kuma wani abokin aikina ne ya ja ni zuwa filin. Wasan ɗan'uwan besbol ne, an faro shi a Shikago a 1887, sai dai ƙwallonsa ta fi girma, kuma a irin wanda dattawa ke yi ana jefa ta ne daga ƙasa, a hankali, ta yi sama sannan ta sauko. Wasa ɗaya zagaye bakwai ne, a kowane zagaye ƙungiya za ta yi bugu sau ɗaya ta yi tsaro sau ɗaya, kuma ana samun maki ne idan ɗan wasa ya kewaye tashoshi uku ya dawo gida, wato tashar da ya faro. Ana raba dattawa bisa shekaru, 50 da 55 da 60 har zuwa sama da 80, sannan a raba ƙungiyoyi bisa ƙarfi zuwa AA da AAA da Major da Major Plus, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi ƙarfi, kamar yadda SSUSA, hukumar softbol ta dattawa mai hedikwata a Sakaramento, ke yi. Domin kada wasa ya zama cin zali, galibi ba a barin ƙungiya ta wuce maki biyar a zagaye ɗaya, sai a zagayen ƙarshe da ake sakin mara.

Bayan 'yan shekaru aka ɗora mini nauyin shirya wata ƙaramar gasa ta yankinmu, ta 'yan shekara 60 zuwa sama, mai ƙungiyoyi takwas. Tsarin da na gada shi ne a raba su rukuni biyu, kowace ta yi wasa uku ranar Asabar, biyun farko na kowane rukuni su shiga babban mataki ranar Lahadi, sauran huɗun su fafata a ƙaramin mataki. A takardar dokoki an rubuta yadda za a raba gardama idan aka yi kunnen doki: a fara duba yawan nasara, sai sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi da juna, sai wadda aka fi zura wa maki kaɗan, sai tazarar makin da ta ci da wanda aka ci ta, daga ƙarshe a jefa kwabo. Wannan jerin sananne ne a gasannin dattawa, saboda haka ban tsaya na yi masa tambaya ko ɗaya ba. Na ɗauka duk abin da aka rubuta da lambobi adalci ne.

Da yammacin Asabar ɗin, ƙungiyoyi uku a rukuni na biyu suka tashi da nasara biyu da rashin nasara ɗaya kowace. Zan kira su da launin rigunansu. Masu jar riga sun doke masu kore, masu kore sun doke masu shuɗi, masu shuɗi kuma sun doke masu ja, dukkansu sun doke ta huɗun. Tun da cin ya zagaya haka, karawar juna ba ta raba komai ba, sai na sauka zuwa makin da aka zura wa kowace. An ci masu ja maki 31, masu shuɗi 36, masu kore 38. Na rubuta ja a matsayi na ɗaya, shuɗi na biyu, na manna takardar a allo, masu kore suka faɗa ƙaramin mataki da tazarar maki biyu.

Kyaftin ɗin masu kore, wani dattijo mai shekara 68 da ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya, ya zo ya same ni da littafin ƙidayar wasansu a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya roƙe ni in ƙirga zagaye nawa kowace ƙungiya ta yi tana tsaro. A gasarmu akwai ƙa'idar lokaci, idan sa'a ɗaya ta cika alƙalin wasa zai sanar cewa zagaye mai zuwa shi ne na ƙarshe, ko da ba a kai na bakwai ba. Masu shuɗi mutane ne masu jinkiri wajen shiga fili da fita, suna yawan sauya masu gudu a madadin waɗanda gwiwa ke damu, abin da doka ta yarda da shi, don haka wasanninsu biyu a zagaye na biyar suka ƙare, ɗaya a na shida. Jimilla zagaye 16 suka yi suna tsaro, masu kore kuwa 19. Idan aka raba, ana cin masu kore maki biyu a kowane zagaye, masu shuɗi kuma biyu da kwata. Wato ƙungiyar da tsaronta ya fi kyau ita na hukunta, saboda kawai ta yi wasa da hanzari ta ba abokan karawarta ƙarin zagaye uku na bugu.

Sai ya ƙara da abu na biyu, wanda ya fi na farkon yi mini nauyi. Da zarar an cire masu ja daga cikin ukun, ƙungiyoyi biyu ne suka rage, kuma su biyun sun kara da juna a ranar, masu kore suka yi nasara. Takardarmu ba ta faɗi ko za a koma farkon jerin bayan an fitar da ƙungiya ɗaya ba, ko kuwa za a ci gaba da ma'aunin da ake kai. Ni ne na zaɓi ci gaba, ba tare da na lura cewa zaɓi nake yi ba.

Ban sauya jadawalin ba, kuma har yau ina ganin ban yi kuskure a wannan ɓangaren ba, duk da cewa abin ya hana ni barci a daren. An riga an manna sakamako, masu shuɗi sun tafi gida da sanin cewa ƙarfe tara za su fara wasa, kuma ba su karya wata doka ba. Da na sake fassara dokar bayan na ga wanda za ta amfana, da na gyara zalunci ɗaya da wani, kuma da babu wanda zai sake amincewa da allon nan. Abin da na yi shi ne na tara kyaftin-kyaftin ɗin takwas da safiyar Lahadi, na bayyana musu lissafin a fili, na ce laifin na takardar ne da ni da na aiwatar da ita ba tare da nazari ba, na kuma ba masu kore haƙuri a gaban kowa. Wanda bai san waɗannan mutane ba zai iya cewa kofin ƙaramar gasa bai kai a damu ba. Amma mutum mai shekara kusan saba'in da ya tuƙo mota awa biyu, ya biya kuɗin shiga da na masauki daga fanshonsa, ya san wasannin da suka rage masa a rayuwa ƙidayayyu ne, kuma kowane ɗaya yana da daraja a wurinsa.

A lokacin hunturu muka zauna mu huɗu, har da wannan kyaftin, muka sake rubuta dokar. Makin da aka ci ƙungiya yanzu ana raba shi da yawan zagayen da ta yi tana tsaro. Duk lokacin da aka fitar da ƙungiya ɗaya daga kunnen doki na uku, sauran suna komawa farkon jerin, wato karawar juna. Mun kuma duba batun makin rangwame: idan ƙungiyar AAA ta kara da ta AA, akan ba mai ƙaramin matsayi maki biyar ko ƙarin ɗan wasa na goma sha ɗaya a wurin tsaro. Muka yanke cewa makin rangwamen yana aiki wajen sanin wanda ya ci wasa, amma ba ya shiga lissafin makin da aka zura wa ƙungiya, domin ba tsaronta ne ya bari aka ci shi ba. Tazarar maki kuwa muka yi mata iyaka a kowane wasa, saboda zagayen ƙarshe da babu ƙa'idar maki biyar yana iya sa ƙungiya ta ci gaba da dukan wadda ta riga ta faɗi don kawai ta gyara lissafinta.

Muna cikin wannan zama ne wani daga cikinmu ya fito da abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. A tsohon tsarin, wadda ta zo ta biyu a rukuni takan sha kashi a babban mataki ta koma gida hannu rabbana, wadda ta zo ta uku kuwa tana da kyakkyawar damar ɗaukar kofin ƙaramin mataki, kuma akwai manajojin da kan hutar da gwanayensu a wasan ƙarshe na Asabar saboda wannan dalili. Na so a haɗa duka takwas a mataki ɗaya, inda sai an ci ƙungiya sau biyu za ta fita, amma da muka ƙirga muka ga wadda ta faɗi a wasan farko za ta iya buƙatar wasa bakwai kafin ta ɗauki kofi, abin da jikin ɗan shekara 65 ba zai ɗauka a yini ɗaya ba. Sai muka amince a san matakin kowace ƙungiya tun kafin gasa bisa matsayinta na AA ko AAA, wasannin Asabar kuma su tantance jerinta a cikin matakin kawai.

A shekara ta gaba na aika wa kowane kyaftin dokar mako biyu kafin gasa, tare da misalin kunnen doki na uku da aka warware mataki-mataki, na kuma nemi wata mata da ba ta da alaƙa da kowace ƙungiya ta riƙe lissafin, tun da ni ma ina wasa. An sake yin kunnen doki, wannan karon tsakanin ƙungiyoyi biyu da ba su kara da juna ba, kuma kafin ta kammala rubutu kyaftin-kyaftin ɗin biyu sun riga sun yi lissafin da kansu a bayan takardar jadawali, suka kawo mata amsa iri ɗaya da tata.