Na ɗaura wa mashin ɗina sufacaja

Jama'a, ga amsar masu tambayata yadda babban mashin ɗina ya koma bayan aikin da aka yi masa.

Sufacaja fanka ce da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, a ƙara mata fetur, sai ƙarfi ya ƙaru. Bambancinta da tobo, wato irin fankar da hayaƙin salansa ke juyawa, ita injin ne ke juya ta da bel, shi ya sa ba a jiran ta ɗauki gudu: kana murɗa totur take amsawa. Kawasaki sun fito da Ninja H2 a 2015 da irinta tun daga kamfani, amma nawa ɗauri ne, sai da bakanike ya sake saita kwamfutar injin don man ya dace da iskar.

Da sassafe na gwada shi a hanyar Shika da ke wajen Zariya. Wallahi tun daga giya ta biyu nake jin yana fizgar hannuwana, gaba na neman ɗagawa, ga wani siririn fito duk lokacin da na saki totur. Na ji daɗi ƙwarai.

Cikin gari kuwa sai haƙuri. A cunkoson Kwangila da PZ zafi yake ɗauka har ka ji shi a cinya, mai kuma yana sha ba tausayi. Gurɓataccen fetur na iya cinye fistin, don haka na daina sayen na bumburutu. Yanzu kuɗin birki da sabuwar tayar baya nake tarawa.