Fankokin hanyar Katsina

Asabar, tsakiyar hunturu.

Ƙarfe 7 da 'yan mintuna motarmu ta cika a tashar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Na yi sammako ne don in kama kujerar taga. Tun da na fara aikin haɗa sola wata ɗabi'a ta kama ni: in na hango ƙarfe yana juyi a sama, hankalina ba ya kwanciya sai na gane ko mene ne. Maiɗakina cewa take yi wata rana sai na faɗa kwata ina kallon fanka.

Mun ɗan wuce Bichi na hango injin iska na farko, mai ba da wuta, a wani gidan gona. Fari ne, fuka-fukai uku sirara, da wutsiya a baya kamar ta kifi. Irin ƙananan nan ne 'yan China da ake rubuta wa wat 400 a kwali, masu cajin batir. Amma wanda ya kafa shi ya cuci mai gonar. Bututun da aka ɗora shi da ƙyar ya ɗara rufin ɗaki, ga wata ƙatuwar darbejiya ta tare shi ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Sai kaɗa wutsiya yake, dama da hagu, kamar karen da ya ɓace wa ubangidansa. Iskar da ta daki bishiya a hargitse take isowa. Kuma lissafin abin ba ya yafiya: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa yake sau 8, in ya ragu ma haka yake zubewa. Da ƙarin bututu aka saya masa, da ya fi.

Ashe a fili nake mita. Dattijon da ke kusa da ni ya ce, "Yaro, ai wannan injin jan ruwa ne."

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baba, na ruwa fuka-fukansa da yawa suke, na kwano, a jere kamar faifai. Juyinsa a hankali, amma da ƙarfi, don sanda yake ɗagawa yana saukewa cikin rijiya. Na wuta kuwa gudu yake so, shi ya sa ake rage masa fiffike."

Ya yi shiru, sannan ya ce haka ne, wanda ya sani yana yaro faifai ne. Har ya kwaikwaya mana kukansa da dare, ƙiiƙ, ƙiiƙ, yana ɗaga hannu yana saukewa. Wai in iska ta ɗauke, mata sai su koma guga.

A Kankiya na sha kunya. Na hango wani abu yana sheƙi yana juyi a tsaye, na ce ga mai juyawa kamar gora, irin wanda ba ruwansa da wutsiya. Da muka matso, ashe hular fitar da zafi ce a kan rufin wani sito. Direba ya ce, "Injiniya, wannan wat nawa ne?" Mota ta kwashe da dariya, har da Baba.

Lambar Rimi ce ta wanke ni. Nan kam na san karatuna: tashar samar da wuta da iska ce, injina 37, kowanne kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. Ba ƙanana ba ne, amma kusa da dodannin Turai 'yan yara ne. Abin da ke raba su da saura, fiffike biyu kacal gare su, turakunsu sirara masu tsayin mita 55, ɗaure da igiyoyin ƙarfe, kuma ana iya kwantar da su ƙasa don gyara ko gudun guguwa. Na ƙirga 11, hazo ya haɗiye sauran. Na roƙi direba minti biyu, ya ce shi ba yawon buɗe ido ya fito ba. Hoton da na ɗauka ta gilashi, ƙura ce da kan wani mai tallan rake.

Baba ya sauka a Batagarawa. Ya riga ya saɓa buhunsa, sai ya dawo bakin taga ya ce in ana samun na faifan har yanzu, nawa zai ci? Na ce zan tambayo masa. Sai da muka shiga Katsina na tuna ban karɓi lambarsa ba.